Don Allah a taimaka min da jerin waƙoƙin Japan kafin walimar ƙarshen shekara

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ina aiki a wani kamfanin tsofaffin motoci a gefen Nagoya, kawuna ne ya tsaya min har na samu. Ni ke wanke mota, in ɗauki hoto, in kai ta tashar jirgin ruwa. Maigidanmu mutumin kirki ne, ya ware min wurin salla a bayan ofis, ranar Juma'a ma ba ya hana ni zuwa masallaci. Bara da aka yi bonenkai, walimar da suke yi a Disamba, na ce ba ni da lafiya. Tun daga nan wani babba a wurin aikin ya daina sakar min fuska, in na gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Kawu ya ce bana ko da rarrafe sai na je, kar in zubar masa da mutunci.

To matsalar, bayan cin abinci za a wuce karaoke, inda ake rera waƙa na'ura tana sa kiɗa, kuma wai za a yi shiritori da waƙoƙi, wasan da kowa ke farawa da sautin da na gabansa ya ƙare da shi. An raba mu gida biyu, ni an sa ni ɓangaren maigida. Na sayi littafi a shagon yen 100 na jera sunayen waƙoƙi daga A zuwa Z, na sha wahala a kai. Da na je ɗakin karaoke ni kaɗai don in gwada, sai na ga na'urar neman waƙa ta jero a, i, u, e, o, ka, ki, ku, ke, ko. Na rasa inda zan sa hannu har lokacina ya ƙare. Akwai mai jerin waƙoƙi bisa sautin farko ya turo min?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba. Da sunan waƙa za a yi ko da baiti? In da suna ne, ka faɗi sunan da ya fara da sautin ƙarshe na wanda aka faɗa kafin kai. In da baiti ne kuwa, mutum zai rera ya tsaya inda ya ga dama, kai ka ɗauko wata waƙar daga wannan sautin. Na biyun ko su 'yan ƙasar gumi yake sa su.

Alhajin Osaka:
Yaro, jefar da littafin nan. Ina nan ƙasar tun kafin wasunku su shiga firamare, ka ji abin da zan faɗa maka. Mutanen nan ba harafi suke ƙirgawa ba, gaɓa suke ƙirgawa. Hiragana, wato baƙaƙen rubutunsu, 46 ce, a jere layi-layi: a, ka, sa, ta, na, ha, ma, ya, ra, wa, sannan n ita kaɗai a ƙarshe. Kowane layi wasula biyar ne, in ban da ya da wa da suke da giɓi. Na'urorin karaoke na DAM da JOYSOUND duka a kan wannan jerin suke tafiya. Kai da ka jera da boko, chi ka sa ta a C, alhali tana layin ta, tare da tsu. Shi tana layin sa. Fu tana layin ha. Ga kuma ba ta da layin kanta, baƙin ka ne aka ɗiga masa ɗigo biyu.

Ga misalin da zai kayar da kai. Waƙar Sakamoto Kyu ta 1961, Ue o Muite Aruko, wadda ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1963 da sunan Sukiyaki. A littafinka da o ta ƙare. A rubutunsu da u ta ƙare. Ka taso da waƙa mai o, a yi ta dariya, kai ba ka san dalili ba. Zauna ka haddace hiragana, mako guda ya isa.

Ɗan Fagge:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma littafin ba shi da laifi gaskiya, ni na san inda komai yake a ciki. Kuma sai tara na dare nake dawowa gida, yaushe zan zauna haddar wasu baƙaƙe? Wani ya ce min ana iya juya na'urar zuwa Turanci.

Alhajin Osaka:
Ana juyawa. Amma abokan aikinka ma za ka juya su zuwa Turanci?

Ɗan Damagaram:
Ni dai mamaki nake yadda kowa ya tsallake babbar maganar. Wurin nan giya ake sha tun daga teburin abinci har ɗakin waƙar. Ni an taɓa jana irin wannan zama a inda na yi aiki da, ruwan shayi kaɗai na sha, da aka zo biya aka raba kuɗi daidai da waɗanda suka sha har suka kasa tashi. Na yi magana, aka ce ba ni da haɗin kai. Wata uku ana ba ni aikin dare. Ka ba su haƙuri ka zauna gida, arziki na Allah ne.

Maman Iman:
Malam, bai tambaye mu ko ya je ba. Maigidana yana zuwa duk shekara, shayin uron yake sha, ba wanda ya taɓa tilasta masa. Abin da ke ci min rai ni shi ne sai jirgin ƙarshe yake dawowa, ni ina nan da yara a cikin sanyin Disamba, ko waya ba ya ɗauka wai ƙarar kiɗa. Wannan kuma ba wanda ke magana a kai.

Ummi Sendai:
Ɗan uwa, mu a ɗakin bincikenmu na jami'a muna yin wasan nan, kuma ba sai ka san ɗaruruwan waƙoƙi ba. Abu biyu ka riƙe. In ka kawo sunan da ya ƙare da n, an kayar da kai, domin a ƙa'idar wasan babu kalmar da ke farawa da ita. Lemon ta Yonezu Kenshi, ta 2018, kowa ya santa kuma bakinka zai so faɗarta in aka ba ka re, amma remon suke kiranta, da n ta ƙare. Na biyu, ru ce makamin wasan, don abin da ke farawa da ita kaɗan ne. Ka tanadi naka na kariya, kamar Rubi no Yubiwa ta Terao Akira, ta 1981, manya suna sonta. Sannan ka tara sunayen da suka ƙare da ru ka dinga jefa wa ɗaya ɓangaren. Kuma kafin a fara ku daidaita: in suna ya ƙare da ga, an yarda a amsa da ka? In ya ƙare da sha, sha za a ɗauka ko ya? Kowane taro da nasa.

Alhajin Osaka:
Ummi, wannan shawarar 'yan makaranta ce. Shi ƙaramin ma'aikaci ne. Ya je ya dinga ɗaure manyansa da ru a gaban maigida? Wannan babban da ya daina gaishe shi, wane ɓangare yake? Ba cin wasa aka kira ka yi ba, yaro. Ka koyi waƙa ɗaya tak ka iya ta sosai, ka tafa wa kowa, ka riƙe tambarin nan mai ƙaraurawa da ke cikin ɗakin, in an kayar da kai ka yi dariya. Shi ke nan an karɓe ka.

Ummi Sendai:
Alhaji, ɗazu kun ce ya haddace hiragana, yanzu kuma waƙa ɗaya ta isa?

Alhajin Osaka:
Duka biyun. Hiragana don rayuwarsa, waƙar don daren.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka. Malam, kawu ba zai yarda in ƙi zuwa ba. Alhaji, babban nan yana ɗaya ɓangaren, shi ya sa ma ba na so a ce ni na jawo wa maigida faɗuwa. Na yanke shawara zan bar littafin yadda yake, sai dai in sa jan biro a kan duk mai ƙarewa da n. Anti Ummi, ko za ki turo min sunaye masu ƙarewa da ru, amma a rubuce da boko?

Maman Iman:
Har yanzu ba ka ce da suna za a yi ko da baiti ba.

Ɗan Fagge:
Ina jin nauyin tambayarsu, Anti, kar su ga kamar ban fahimta ba tun farko. Ai duk kusan ɗaya ne ko?

Ɗan Damagaram:
Ka dai tambayi nawa za a biya tukuna.