Taimako: me zan kira tickseed da Hausa? Gobe za a ɗauki murya

Uwar Biyu: Salamu alaikum. An ba ni fassarar wani shirin talabijin kan furannin daji na jihar Filorida ta Amurka, gobe ƙarfe tara mai karatu zai shiga ɗaukar murya. Wetland na sa fadama na wuce. Pinelands na sa dajin fayin, ba don ya kwanta mini ba. Inda na cije shi ne tickseed (tick kaska, seed iri), sau goma sha ɗaya ya fito. Shi ne furen dajin da jihar ta ɗauka a matsayin nata a 1991, masana na ce masa Coreopsis. Wanda aka nuna siriri ne, bai wuce gwiwa ba, kunnuwa takwas yalo masu ɗan tsaga a baki, tsakiyar kuma baƙi-baƙi, ya cika bakin kwalbati da dausayin dajin.

Ɗan Fadama: Furen kaska. An gama.

Uwar Biyu: Na gwada shi a kan maigida. Ya ce to a hana shanu zuwa wurin. Ka ga mai sauraro zai ɗauka kaska ce ke kwana a ciki, alhali ƙwayar irin ce kawai ta yi kama da ita.

Bakatsine: To ƙarangiyar Turawa mana, tunda manne wa mutum take.

Malamin Gona: A'a Malam, ka haɗa biyu. Mai manne wa wando ɗan uwansa ne, Bidens, irinsa na da ƙugiyoyi masu kama zare. Shi ma akwai mai ruwan ɗorawa a fadamun can, kuma daga nesa ba ka raba su. Na Malama irinsa falale ne, ɗan ƙarami, ba ya bin kowa gida. Wani abin dariya, sunan Coreopsis da masanin tsirrai Linnaeus ya sa masa a 1753 daga Girkanci yake, kuma ba kaska yake nufi ba, kuɗin cizo ne. Bature ya ga kaska, Bagirke ya ga kuɗin cizo.

Ɗan Fadama: Ke nan mu ma muna da ikon ganin namu ƙwaron.

Baban Nahawu: Kafin a je ga ƙwaro. Malama, da girmanki kika rubuta yalo? Yalo a wurinmu ɗan uwan gauta ne, ana cinsa da ƙuli. Launin sunansa rawaya. Ita kuma kalmar na riga na ƙera muku: furkas. Fure da kaska, gaɓa biyu, jam'i furkasai.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, furkas kamar maganin tari. Kuma mu nan hure muke cewa, sai ya koma hurkas?

Baban Nahawu: Daidaitacciyar Hausa ake magana, ba hirar bakin kasuwa ba.

Bakatsine: Wato Kananci. Kullum sai a ce namu karin harshe ne, naku ne harshe.

'Yar Damagaram: Ku dai ku yi ta yi. Mu da ke wannan gefen ko tambayarmu ba a yi, sai mu ji kalma ta faɗo daga rediyo.

Malamin Gona: Baba, rawayar ma da matsala a nan. Asalinta tsiro ce, wadda ake rini da saiwarta. Da rani bayan an ƙone daji za ka ga furenta ya fito dab da ƙasa, ko ganye babu, kamar an ajiye shi a kan toka. In aka ce furen rawaya, mutumin karkara wancan zai gani a ransa. Su ma dazukan fayin na Filorida da wuta suke rayuwa, har da gangan ma'aikata ke cinna musu ita, bayanta furanni su ɓarke. Mai kallo zai ce ai rawayarmu ce, kuma ko dangi ba su haɗa ba.

Baban Nahawu: Shi ya sa na ce furkas. Ba ya kama da komai.

Ɗan Fadama: Gaskiya ba ya kama da komai, har da Hausa.

Baban Nahawu: Yaro, lokacin da aka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa haka aka yi ta dariya.

'Yar Damagaram: Kuma har yau kwamfuta muke cewa, Baba.

Uwar Biyu: Jama'a sha ɗaya ta wuce, ga 'yan biyu sun farka. Ga abin da zan yi. Karon farko mai karatu zai ce "koriyofsis, furen da Turawa ke wa laƙabi da mai-irin-kaska saboda kamannin ƙwayarsa". Sauran goman koriyofsis kawai. Launi kuma ruwan ɗorawa, na cire yalo, Baba ka yafe ni. Saura scrub: tudu ne mai farin yashi da gajerun itatuwa cunkus, ruwa ba ya zama.

Bakatsine: Jigawa.

Uwar Biyu: Sai a ce Dutse aka ɗauki shirin.

Malamin Gona: Ki ce jigawa mai sarƙaƙiya. Kada dai ki sa sabara ko geza, babu su can.

Baban Nahawu: Koriyofsis gaɓa huɗu, harshen mai karatu zai karye. Ban yarda ba, amma aikinki ne. In an sake shirin a tuna da furkas.

Uwar Biyu: Na tura. Fayin ɗin nan dai har yanzu yana damuna, in wani ya tashi da asuba da abin da ya fi shi ya ajiye mini kafin takwas.