Nawa ne ya dace mutum ya kashe a kan tsohuwar mota Golf 2?

Mai tambaya, daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Tun ina yaro nake sha'awar Golf 2, wadda kamfanin Volkswagen ya ƙera daga 1983 zuwa 1992, kuma yanzu na samu wata mai ƙofa biyu da aka jingine a wani gida kusan shekara huɗu, mai ita ya yi mata kuɗi da araha. Niyyata ita ce in sake mata fenti, in sa mata rim, in sauke ta ƙasa kaɗan, daga baya in canza mata inji. Bakanikena ya ce in tanadi ninki biyu na kuɗin saye, wani abokina kuma ya ce ko ninki uku ba zai isa ba. Don Allah, ku da kuka taɓa yi, nawa kuka kashe idan aka kwatanta da kuɗin motar, kuma a ina kuɗin ya fi tafiya?

Bakanike, daga kasuwar Kofar Ruwa, Kano:

Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya fi kusa da gaskiya, domin a wannan aiki kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta. Kafin ka biya ko sisi, ka ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ka duba ƙarfen, ka leƙa ƙarƙashin gilashin gaba da bakin tayoyi. Idan ta daɗe a Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko ta zauna a Legas, da wuya tsatsa ba ta ci ta ba, kuma aikin walda da gyaran bodi shi ne ke cinye kuɗin mutum ba tare da ya ga abin da zai nuna ba. Wadda ta tsufa a Arewa ƙarfenta ya fi lafiya, sai dai rana ta gama da robobinta da allon gabanta.

Batun inji ba shi da wahala sosai. Injin Golf 3 mai lita 2.0 yana zama a cikinta ba tare da an yanke wani abu mai yawa ba, kuma tun da Golf 3 na nan tana haya a hanyoyinmu, kayanta ba sa yankewa a kasuwa. Amma duk wanda ya ƙara wa mota ƙarfi dole ya ƙara mata birki, musamman da yake yawancin Golf 2, in ban da GTI (samfurin da aka yi don gudu), birkin ganga ne a bayansu. Na sha ganin matasa sun kashe kuɗi a rim da salansa mai ƙara, alhali birkin da ke ƙarƙashinsu ya girme su. Ka fara da birki da taya da wayoyin lantarki da lagireto, fenti ya zo a ƙarshe. Sauke ta ƙasa kuwa, ka tuna da ramuka da tudun rage gudu kafin ka fasa tukunyar baƙin mai.

Mai Beetle, daga Kaduna:

Ɗana, ni tawa Volkswagen Beetle ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975, kuma na shafe shekara shida ina gyaranta a hankali. Na daina lissafi bayan da abin da na kashe ya haura ninki huɗu na kuɗin da na saye ta, kuma ban yi nadama ba, domin da irinta mahaifina ya kai mu makaranta. Abin da nake so ka sani shi ne wannan kuɗi ba ya dawowa. Ranar da za ka sayar, mai saye tsohuwar mota zai gani, ba zai biya ka wahalarka ba. Saboda haka kada ka taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara, kada kuma ka ci bashi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, har robar ƙofa sai na yi watanni ina nema a kasuwar Panteka.

Ina kuma da ja game da canza inji. Motar da ta rage da kayanta na asali tana ƙara wuyar samu, kuma ita masu sha'awa na gaske suke nema. Idan injinta yana da sauran rai, a buɗe shi a gyara. Idan ya zama dole ka canza, ka ajiye tsohon, sannan ka tabbatar an gyara lambar inji a takardun motar.

Mai tambaya, daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka da alheri, kai ma Malam na gode. Ranar Asabar zan koma da mai walda mu duba ƙasanta kafin a yi ciniki. Idan ƙarfen yana da lafiya zan saya, in fara da birki da wayoyi, in bar injinta na asali tukuna. Malam, idan na tashi neman fitilun gaba da gilashin ƙofa, a Kofar Ruwa zan fi samu ko sai na aika Legas?