Lup ko jera bugu da hannu: wanne ya fi dacewa da waƙar Hausa a situdiyon gida?

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a ɗakina a Rigasa, wanda kayansa ba su wuce kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya da fiyanon Yamaha PSR da na saya na hannu ba, kuma da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki. Wata takwas ke nan ina ɗora waƙoƙina a kan lup, wato gutsuren kiɗan ganga da wani ya riga ya naɗa, wanda ake ta maimaitawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Aikin yana sauri, sautin kuma yana fita tsab. Sai dai makon jiya na kai wa wani yayana waƙar biki da na gama, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce muryata tana gabas, kiɗan yana yamma. Tun ranar abin yake cin raina. Shin in ci gaba da lup in gyara yadda nake rerawa, ko kuwa in zauna in koyi jera bugun da kaina, ko da zai ci mini lokaci?

Na Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayan naka yana da kunne, kuma ina kyautata zaton laifin ba na muryarka ba ne. Kafin ka zargi kanka, ka tafa hannu a kan waƙar ba tare da kiɗan ba, ka lura ko kowane taku yana rabuwa gida biyu ne ko gida uku. Da yawa daga cikin kiɗe-kiɗenmu na biki da na kalangu tafiyarsu uku-uku ce, alhali mafi yawan lup ɗin da ake samu a intanet an yi su ne don waƙoƙin Amurka da Turai, inda ake raba taku gida biyu ko huɗu. Lissafin ba shi da wuya. Idan gudun waƙarka bugu 100 ne a minti, kowane taku yana ɗaukar kashi 600 cikin 1000 na daƙiƙa; mai raba shi huɗu yana saukar da bugu bayan kowane 150, mai raba shi uku kuma bayan kowane 200. Ba za su haɗu ba sai a kan takun kansa, abin da ke tsakani kuwa karo ne, kuma wannan karon shi yayanka ya ji.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan nauyi a wurina. Waƙar Hausa tana tafiya ne a kan gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, kuma harshenmu yana da karin sauti, ta yadda kalma guda takan sauya ma'ana idan murya ta hau ko ta sauka. Shi ya sa makaɗin kalangu yake matsa tsarkiya da hammata yana sakinta, domin gangar ta bi bakin mawaƙi, ta amsa masa, wani lokaci ma ta faɗi abin da bai faɗa ba. Duk wanda ya saurari marigayi Mamman Shata ya san cewa makaɗansa ne suke bin sa, ba shi yake bin su ba. Lup kuwa an gama shi tun kafin ka rubuta baitinka na farko, bai san inda za ka ja numfashi ba, bai san inda 'yan amshi za su shigo ba. Idan ka ɗora waƙa a kansa, dole ka riƙa taƙaita dogon wasali ko ka ja gajere domin ka faɗa cikin gurbin da aka tanada, kuma a nan Hausar take fara karyewa.

Saboda haka shawarata ita ce ka koyi jerawa, kuma abin bai kai wahalar da ake faɗa ba. Akwatunan nan 16 da kake gani a FL Studio, waɗanda ake dannawa don jera bugu, gado ne daga na'urorin kiɗa irin su Roland TR-808 da ta fito a 1980, ba dokar Allah ba ce. Kana iya sauya ma'aunin waƙar ya koma akwatuna 12, ko ka saita layukan su raba taku gida uku. Ka fara da kik, wato bugun babbar ganga mai nauyi, da tafi da kacau-kacau kawai. Ka naɗi muryarka a kansu, sai daga baya ka cika sauran gangunan a wuraren da muryar ta bar fili. Kada kuma ka bar kowane bugu da ƙarfi ɗaya, domin tsarin MIDI, wanda fiyano da kwamfuta suke fahimtar juna da shi, ya ba ka matakan ƙarfin bugu daga 1 zuwa 127, kuma babu makaɗin da hannunsa yake sauka iri ɗaya sau biyu a jere. Tun da kana da fiyano, ka buga da yatsunka maimakon danna akwatuna, sannan kada ka bari manhaja ta daidaita kowane bugu daram a kan layi. Ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan su ne ran kiɗan.

Mai Situdiyo a Barnawa ta rubuta:

Malam na Tudun Wada, na yarda da lissafinka, amma ina ganin ka tsananta wa lup fiye da kima. Ni aikina tallace-tallacen rediyo ne da waƙoƙin makarantu, inda mutum zai zo da safe ya ce da la'asar yake son kayansa, ga wuta kuma da ba ta da alkawari. A irin wannan hali ba zan ɓata awa uku ina gyara ƙarfin kacau-kacau ba. Ban da haka, lup mai kyau hannun mutum ne ya buga shi, a ɗakin da aka gina domin naɗar sauti, da makirufo masu tsadar da ni da Ɗan Rigasa ba mu da kuɗinsu. Sau nawa muka ji waƙar da aka jera da hannu amma ta fito a sandare kamar ƙarar injin niƙa? Jerawa da kanka ba ta tabbatar da cewa kiɗan zai yi daɗi, musamman a shekarar farko.

Abin da zan ja kunnen ƙanen namu a kai daban ne, wato haƙƙin mallaka. Lup ɗin da ka saya ko ka biya kuɗin wata a shafuka irin su Splice an ba ka izinin sa shi cikin waƙarka, amma ba kai kaɗai aka ba ba. Wani a Legas ko a Landan yana iya amfani da shi, ya riga ka rajistar waƙarsa a tsarin Content ID na YouTube, mai gano waƙoƙin da wasu suka mallaka, sai na'urar ta ji kamanceceniya ta ɗora wa taka da'awa, ka koma rubuta ƙorafi kana neman shaidar saye. Wanda kuwa aka tura maka ta WhatsApp ko aka zuba maka a filashi, ba ka ma san daga waƙar wa aka yanko shi ba, kuma wannan ya fi haɗari. Ka riƙa adana shaidar lasisin duk abin da ka sauke, kuma kada ka bar lup tsirara a farkon waƙa ba tare da wani sauti a kansa ba.

Ɗan Kawo ya rubuta:

Hajiya da Malam duk kun yi gaskiya, sai dai na ga kamar an manta cewa a Kaduna muke, inda makaɗin kalangu bai fi ƙarfin a kira shi a waya ba. Ni kik da tafi nake jerawa da hannu, domin su ne ƙashin bayan waƙar, sannan in gayyato makaɗi in sa masa na'urar sauraro a kunne, ya bi muryar mawaƙin har tsawon minti biyar ko shida. Daga nan nake yanko wuraren da suka fi daɗi, su zama lup nawa na kaina da babu mai irinsa. Ka rataya barguna a bango saboda amsa-kuwwa, ka kashe fanka, ka matsar da makirufon kamar taƙi biyu daga fatar gangar. Ku kuma yi magana a kan kuɗi da kan sake amfani da kiɗan a wasu waƙoƙin tun kafin ya ɗauki sandar kiɗa ya fara bugu, ku rubuta a takarda.

Ƙari ɗaya ga Ɗan Rigasa: idan ka ja lup mai gudun bugu 90 a minti ka kai shi 120, za ka ji kaifin bugun ya dushe, kamar ana kiɗan a cikin ruwa. Gara ka daddatsa shi bugu-bugu ka sake jera gutsattsarin a kan gudun da kake so.

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na yi gwajin tafin da ka ce bayan sallar isha'i, kuma uku-uku ne waƙar take tafiya, lup ɗin kuma huɗu-huɗu. Na cire shi, na mayar da akwatunan 12, na jera kik da tafi kawai, sai ga amshin ya zauna ba tare da na sake rerawa ba, ko da yake kiɗan ya zama fayau, babu cika. Hajiya, lup ɗin a filashi aka ba ni, don haka na ajiye shi gefe. Yaya na Kawo, akwai wani dattijo mai kalangu da yake yi wa mahautan unguwarmu kiɗa, zan same shi ranar Asabar. Abin da ban sani ba shi ne, in ba a saba masa da na'urar sauraro a kunne ba, zan iya kunna masa waƙar a sifika a hankali, ko sautin zai koma cikin makirufon ya ɓata naɗin?