Danƙon sitika ya ƙi fita daga gilashin gaban motata, ina neman shawara

Baban Ummi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi Corolla ƙirar 2008 a hannun wani ɗan kasuwa a Jega. Inji lafiya lau, gilashin gaba ne ya dame ni. Mai motar na farko ya liƙa masa sitika har biyar: biyu na kamfen ɗin zaɓen 2023, ɗaya ta ƙungiyar direbobi, ɗaya ta harajin ƙaramar hukuma wadda wa'adinta ya wuce, sai wata siririya can sama mai addu'ar hawa abin hawa. Ta addu'ar na bar ta, ba ta tare mini komai. Sauran huɗun na ɓamɓare da farce. Takardar ta fita, gam ɗin ya zauna daram, ƙura ta bi ta manne, yanzu wurin ya yi baƙi ƙirin. Na wanke da omo, na kai wurin wankin mota yaro ya dirza, sai ma danƙon ya ƙara bajewa.

Ba don kyan mota nake damuwa ba. Duk bayan mako biyu nakan kai Hajiyarmu asibiti Sakkwato, muna fita bayan sallar asuba ta hanyar Argungu. Da rana ta ɓullo ta daki gilashin, gefen dama duk sai ya koma hazo, kuma ta nan ne masu babur da yara 'yan talla ke fitowa. Zuwan da muka yi na ƙarshe ban ga wani amalanken shanu ba sai da na kusa cim masa. Allah ne ya kiyaye, amma har muka isa gabana bai daina faɗuwa ba.

Maƙwabcina ya ce fetur, wani ya ce reza. Ina tsoron in karce gilashin. Wanda ya san abin ya taimaka don Allah.

Mai Wankin Mota, Gusau

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi ba Hajiya lahiya. Aikin ga shi muke yi kullum. Ruwa ba ya narkar da gam, ko kwana za ka yi kana dirza, shi ya sa yaron ya baje maka shi. Mai ke cin shi.

Amma kahin komi ka wanke ƙurar tas. Mutane na cewa reza ta karce musu gilashi, alhali yawanci yashin da ke manne ga danƙon ne sunka ja bisa gilashin. Ka kai motar inuwa, don cikin rana kananzir bushewa yake tun bai yi aiki ba. Ka jiƙa tsumma da kananzir, ka shimfiɗa shi bisa wurin, ka bar shi kamar minti 15. Kada ka dirza, bari shi jiƙu. Sannan ka ɗauko tsohon katin ATM ka riƙa turawa gefe guda, kana share abin da kati ya kwaso da wani tsumma daban. Wanda rana ta gasa shekara da shekaru ba ya hita tashi ɗaya, sai ka maimaita sau biyu ko uku. In ka ƙare, omo da ruwa sau biyu, ka goge da tsohuwar jarida.

Soson ƙarfe na wankin tukunya kuwa, ko kusa kada shi zo.

Maman Sadiƙ, Argungu

Sannu Baban Ummi, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ban san harkar mota ba, amma lokacin bikin ƙanwata ni na zauna na cire lambar da ke jikin kwanuka da kuloli da kofunan gilashi na kayan ɗakinta, kuma da man gyaɗa na yi. Ana shafawa da kauri, a rufe da leda, a bar shi ya kwana. Da safe da yatsa ma yake murjewa.

Abin da ya sa na sa baki, na ga an ce kananzir. In sitikar ta ciki ce, warinsa zai daɗe a motar, ga zafin da ake yi, ga mara lafiya za ta zauna a ciki sama da awa biyu. A duba wannan.

Usta Mai Gilashi, Birnin Kebbi

Malam, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: a ciki aka liƙa su ko a waje, kuma akwai tinti a wurin? Tinti leda ce ake shimfiɗawa ta ciki. Reza na taɓa ta ta yage, man da ke da ƙarfi kuma yana dusar da ita. In gilashi ne zalla, reza ba ta da laifi, ni da ita nake aiki. Sharaɗin ta zama sabuwa fil, ba tsatsa ba gibi, gilashin a jiƙe da ruwan sabulu, ka kwantar da ita sosai kana turawa gaba, ba a tsaye ba, kuma ba da kusurwarta ba. Gilashin baya ta ciki dai kada ka kai mata, waɗancan siraran layukan wayoyin ɗumama gilashi ne, in ka yanke ɗaya ya mutu.

Fetur da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka bar su. Suna cire gam, ba musu, amma in suka gangara suna cinye robar da ta zagaye gilashin, a dashbod kuma su bar farin tabon da ba ya fita. Na ga mota da yawa a haka. Ko kananzir ɗin ma ka tare ƙasa da tsumma.

Maganar Hajiya Maman Sadiƙ gaskiya ce, man gyaɗa yana yi, ya fi jinkiri ne kawai. Inda nake jan kunne shi ne a waje: in ya taɓa robar waifa, ranar da ruwan farko ya sauka za ta shafe maka gilashin gaba ɗaya da maiƙo, da dare fitilar kowace tirela ta tarwatse maka a ido. Ka ɗaga waifa kafin ka fara. Bayan omo kuma ka sayi sifirit a kemis ka bi wurin da auduga, shi ke kwashe maiƙon da ido ba ya gani.

Kada kowa ya sa ka kwara tafasasshen ruwa. Gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani, in akwai ɗan tsagu ko inda tsakuwa ta taɓa, zafin farat ɗaya yana iya sa ya ja.

Baban Ummi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Biyu a ciki suke, biyu a waje, kuma babu tinti. Na ciki na sa musu man gyaɗa da leda daren Juma'a kamar yadda Maman Sadiƙ ta ce, na shimfiɗa tsohon zane a dashbod. Da safe kati ya kwashe su ba gardama. Na waje na bi da kananzir a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Ɗaya ta fita a karo na biyu, babbar ta kamfen sai da na yi sau huɗu, ragowar na ƙarasa da sabuwar reza a kwance. Na bi da omo da sifirit. Yau da hantsi na fuskanci rana da gangan, gefen dama tangaran.

Sai dai Usta, a ƙarƙashin babbar na tarar da wani ɗan tabo kamar ƙwayar gero, da 'yan siraran layuka biyu a jikinsa. Farce yana maƙalewa a ciki. Ranar Talata muke da ganin likita. Zan iya tafiya da shi haka?

Usta Mai Gilashi, Birnin Kebbi

Tsakuwa ce ta buge shi. Ƙarami irin wannan ana cike shi da gam na gilashi tun bai ja ba, ba sai an canza duka ba. Yanzu dai ka share wurin ya bushe, ka liƙa ɗan farin salatif ta waje don kada ƙura da ruwa su shiga. Kada ka ajiye ta a rana sannan ka sakar wa gilashin sanyin AC kai tsaye, kuma ka bi ramuka a hankali. Ka kai a duba shi gobe ko Litinin, kafin ka ɗauki Hajiya.