Neman shawara: masu buƙata ta musamman sun ɓace a bincikena

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Ina bincike kan zuwa asibiti a wasu unguwannin Kano, malamina ya ce in ware alƙaluman masu buƙata ta musamman, maza da mata, yara da tsofaffi. Tambaya ɗaya na sa: "Akwai nakasasshe a gidan nan?" Kusan kowane maigida ya ce babu, alhali da idona na ga tsohuwar da jika ke yi wa jagora. Don Allah ya zan yi?

Malamin ƙididdiga: Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayar ce ta kore su. A wurin maigida abin da ke damun mahaifiyarsa tsufa ne kawai. Ƙidayar jama'ar Najeriya ta 2006 kashi 2 da ɗoriya cikin ɗari na masu nakasa ta samu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa kashi 16 take ƙiyastawa a duniya. Ki koma kan tambayoyi shida na Washington Group (ƙungiyar masana ƙididdigar nakasa), waɗanda ke tambayar wahalar da mutum ke sha wajen: gani, ji, tafiya ko hawa bene, tuna abu, wanka da sa kaya, sai fahimtar juna a magana. Kowacce amsa huɗu gare ta: babu wahala, wahala kaɗan, wahala sosai, ba ya iyawa sam. Biyun ƙarshe aka saba lissafawa a matsayin nakasa. Da su binciken NDHS (binciken al'umma da lafiya na Najeriya) na 2018 ya yi aiki kan 'yan shekara 5 zuwa sama, kin samu abin kwatantawa.

Tsohuwar ma'aikaciyar tattara bayanai: Ƙanwata, daina tsayawa a zaure. Ki shiga ciki, ki rubuta mutanen gidan, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Budurwar da ba ta ji sosai ba za a faɗe ta gaban baƙo ba, ana tsoron kada zancen ya kai ga manema. Ƙananan yara kuma UNICEF na da tambayoyinsu daban, daga shekara 2.

Wani makaho a zauren tattaunawar: Malama, idan kin same mu, mu za ki tambaya, ba ɗan jagora ba. Kurame kuma ki nemi mai maganar hannu. Na san za a ce ki je wurin sarkin makafi. Ki je a gaisa, amma kada ki ɗebi mutanenki a can kaɗai, rahotonki zai fito kamar dukanmu bara muke yi.

Ɗalibar: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam, gidajen da na riga na shiga fa?

Malamin: Sai kin koma. Amsar tsohuwar tambaya ba ta haɗuwa da sabuwa a jadawali ɗaya.