Wa aka taɓa liƙa wa murhunsa ɗan ƙarfen nan mai auna zafi?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara wata ƙungiya ta raba mana murhu mai tattalin itace, suka ɗaure wani ɗan ƙarfe kamar batirin agogo a gefensa, wai yana rubuta zafin murhun duk bayan 'yan mintoci. Da suka dawo suka tambaye ni, na ce ai kullum a kansa nake girki. Wata yarinya a cikinsu ta buɗe kwamfuta ta nuna min wani layi kwance shamɓal, kwana 9 ba a hura wuta ba. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige! To mu 12 ne a gida, tukunyar tuwonmu ba ta zama a kansa, in ka sa muciya sai ya nemi kifewa. Shayi da ɗumame kawai yake min. Akwai wadda ta ga irin haka?

Hajiya Ladi: Ni uwar mijina ce ta cire shi ta jefa a kwandon shara, ta ce ba za a saurari hirar gidanta ba. Da ƙyar jikanta ya fahimtar da ita cewa abin ba ya jin magana, zafi kaɗai ya sani.

Malam Sani: Hajiya, na yi aikin karɓo bayanan nan wata shida. Na'urar ma tana ruɗewa. A watan Afrilu in aka bar murhu a tsakar gida, rana kan gasa shi har ka zaci girki ake yi. Da siffar layin muke ganewa: wuta takan haura da sauri, zafin rana kuwa a hankali yake hawa. Abin dariya, ana gobe za mu je gari sai ka ga kowane murhu ya yi zafi. Ba mu kaɗai ba ne, masu bincike daga Jami'ar Berkeley ta Amurka sun gwada irin na'urar a sansanonin 'yan gudun hijira na Darfur a Sudan, suka tarar abin da mata ke faɗa ya zarce abin da na'urar ta rubuta.

Maman Khalifa: Ai Malam ba ƙarya ba ce, kara ce. Mutum ya kawo maka kyauta, ka dube shi ka ce kayansa na bayan ɗaki kaji na kwana a kai?

Aunty Rabi: Su tambayi girman tukunyarmu tukuna.