Kubar da ake buɗewa da yatsa: wane suna za mu sa mata?

Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma ina da tawa shawarar. Zan zube ta a nan, masu Hausa su gyara mani.

Makon jiya muka sa wa ɗakin ajiyar Hajiyarmu a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, irin kubar nan ta zamani wadda yatsa kawai ake ɗora mata ta buɗe. Makullin ɗakin ya ɓace sau uku a shekara guda, kowane karo sai an kira kafinta ya ɓalle kuba. Yaron da ya zo sa ta ya san aikinsa, ba laifi. Amma da ya zo yi wa Hajiya bayani, sai ga fingafirin, ga bayometirik, ga admin. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta juyo ta ce mani, "To shi wannan abin ba shi da suna ne?"

Tun ranar tambayar take cina. Matar da za ta buɗe ƙofar nan sau goma a wuni ai ta cancanci ta san sunan abin da ke jikin ƙyaurenta.

Bari in faɗi yadda aka saita ta, don a cikin aikin ne kalmomin suke. Ta cikin ɗaki akwai murfi, aka zare shi aka sa batir huɗu irin na agogon bango. Kusa da batiran akwai ɗan maɓalli, da aka danna sai kubar ta yi magana da Turanci tana neman yatsa na farko. Na ɗora, na ɗaga, na sake ɗorawa, sau da yawa, kowane karo ina ɗan karkata shi don ta ga gefe da gefe, har ta yi ƙara fitila ta koma kore. Daga nan duk wanda za a ƙara, sai na fara ɗora nawa ta amince, sannan shi ya ɗora nashi. Wanda za a cire ma haka.

Abu uku ke nan ke neman suna: ita kubar, da shigar da yatsa cikinta, da mai yatsan farko.

Na fara da abin da ke jikin yatsan. Na ji ana cewa hoton yatsa, da tambarin yatsa, da zanen yatsa, kuma ba ɗaya ba ne.

Hoton yatsa ban yarda da shi ba a nan, kuma ina da hujja. Da yaron ya ce kubar za ta ɗauki hoton yatsanta, nan take Hajiya ta janye hannu ta ce, "Ina za a kai hoton?" Tana da gaskiya ta tambaya. Alhali abin da irin waɗannan kubobi ke ajiyewa ba hoto ba ne. Suna duba layukan nan na kan fata, su lura da inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, su mayar da wuraren zuwa lissafi. Lissafin nan suke riƙewa, da shi suke gwada duk yatsan da ya zo. Irin tamu ma ba ta haɗe da intanet, abin yana cikin cikinta. Kalmar da za ta sa tsohuwa ta janye hannu a kan abin da bai faru ba, ba ta yi mamu aiki ba.

Tambarin yatsa kuwa kalma ce mai kyau, amma wurinta daban: shi ne abin da yatsa ya bari a takarda bayan an tsoma shi a tawada, kamar na takardar cinikin gona. Kuba ba ta son tawada.

Saura zanen yatsa, kuma shi na riƙe. Zane ne Allah Ya yi a jikin fata tun mutum yana ciki, ko tagwaye masu kama ɗaya kowa da nashi. Mun saba da zane a fuska wanda ake gane asalin mutum da shi, to ga wani a kan yatsa.

Wani malami daga Daura ya rubuto yana kawo aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama, inda Allah Ya ce Yana da ikon daidaita har kan yatsun mutum, ya kuma ba da shawarar mu ari basma daga Larabci, tunda ita Larabawa ke faɗi. Allah gafarta Malam, na gode ƙwarai, ayar ta zauna daram. Amma in na shiga babbar kasuwa na ce wa mai kayan gini ina neman kubar basma, sai na yi mashi wani bayanin. Wani ma ya zaci basmala nake nufi. Aro halal ne in babu namu, a nan kuwa muna da namu.

Namu shi ne dangwale.

Ku duba yadda kalmar ta riga ta yi tafiyar da kanta ba wanda ya tura ta. Da can a takardar ƙuri'a muka san ta, da tawada. Da aka kawo BVN a 2014 aka ce kowa ya je banki ya dangwala, ba tawada ko ɗigo, kuma ba wanda ya ruɗe. A zaɓen 2015 aka zo da na'urar tantance katin zaɓe, a na 2023 aka zo da BVAS, duk dangwale muka ce. Wurin yin katin ɗan ƙasa yatsu goma ake ɗauka, tsofaffinmu na ƙauye suna dawowa suna cewa an sa su sun dangwala duka. Hausawa sun gama yanke hukunci, mu ne muka tsaya neman kalma a nesa.

Don haka na ce a kira ta kubar dangwale. In ta rataye ce, kwaɗon dangwale.

Akwai masu cewa kubar yatsa ta fi sauƙi a baki. Haka ne, kuma ba zan yi jayayya da mai faɗin ta ba. Abin da ya sa na fi son dangwale, kalmar tana koyar da aikin. Da aka ce wa Hajiya ta danna, sai ta danne wurin da ƙarfi kamar mai murje gyaɗa, tana goga yatsan, kubar ta ƙi. Da na ce, "Hajiya, dangwalawa za ki yi kamar ranar zaɓe, ki ɗan tsaya," sai ta ɗora shi a shimfiɗe ta bari. Bambancin danna da dangwala Bahaushe ba ya buƙatar a fassara mashi.

Wata 'yar'uwa ta ce dangwale yana da ƙaurin raini, don da can wanda bai iya sa hannu ba shi ake ba tawada. Na san wannan, na taɓa ganin dattijo yana sunkuyar da kai a banki saboda shi. Amma yau farfesa da manomi layi ɗaya suke bi su dangwala, mai iPhone ma tun 2013 ya fara buɗe wayarsa da yatsa. Rainin ya riga ya wanke.

Shigar da yatsa kuwa ban ga dalilin wahala ba. Rajista ta zama tamu tuntuni. A yi wa yatsa rajista, a soke rajistar yatsa, shi ke nan.

Amma a nan ga abin da na gani da idona. Yatsan Hajiya bai shiga da wuri ba. Shekaru sun sa zanen ya yi laushi, ga lalle, ga bushewar fata. Sai da ta hura mashi iskar baki ya ɗan yi danshi sannan kubar ta karɓa. Mai aikin siminti da mai wanki da yaro ƙarami duk sukan sha wannan, da hunturu kuwa abin ya fi tsanani. Shi ya sa muka yi wa kowa rajistar yatsa biyu, babban yatsan dama da manuniyar hagu, ko da wuƙa ta yanki ɗaya.

Na uku, admin. Wannan ne ya fi yi mani daɗi. Katsina gari ne mai ganuwa da ƙofofi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi, Ƙofar 'Yanɗaka, kuma a garuruwanmu masu ganuwa akwai wanda aikinsa ke nan, ya rufe da dare ya buɗe da safe, ya san wanda ya shiga: sarkin ƙofa. Mai yatsan farko shi ke shigar da mutum, shi ke fitar da shi. Me ya rage? Wani ya ce yatsan maigida, amma a gidanmu ɗakin na Hajiya ne, a shago kuma mai yiwuwa babban yaro ne. Sarkin ƙofa bai zaɓi kowa ba.

Kuma sunan zai sa a ɗauki abin da nauyinsa. Da yawa daga cikin kubobin nan, in sabbi ne daga kwali, kowane yatsa suna buɗe mashi har sai an naɗa na farko. Sau da yawa kuma mai sawa yakan gwada da nashi. Kafin ya tafi a sa shi ya goge komai a gabanka, kai ka fara ɗorawa, a kuma canja lambar sirrin da ta zo da ita.

Kubar tana zuwa da makullin ƙarfe don ranar da batir ya mutu. Na sa mashi makullin ko-ta-kwana, kuma namu yana wurin yayata a Ƙofar Guga, ba a cikin ɗakin da aka kulle ba.

Guda ɗaya ta gagare ni: ɗan wurin nan mai sheƙi da ake ɗora yatsan. Yaron ya ce sansa. Na gwada idon kuba, sai na tuna ramin makulli ma wasu haka suke ce mashi. Madangwala ta zo mani, ban sani ba ko za ta zauna a bakin mutane. 'Yan Daura da na Funtuwa, ya kuka ji ta?